Old Fadama: unguwar da ta ƙirga kanta, amma har yau ba ta da takardar zama

Duk Bahaushen da ya ji an ce fadama ya san irin ƙasar da ake nufi, kwari mai damshi inda ruwa ke kwanciya bayan damina ta wuce. To haka Old Fadama take a tsakiyar birnin Accra na ƙasar Ghana. Fili ne mai kimanin hekta 31, a matse tsakanin kogin Odaw da tafkin Korle da kasuwar Agbogbloshie, kuma tafiyar ƙafa ce daga nan zuwa kasuwar Makola. A wannan ɗan wuri ne aka ƙirga mutum 79,684 a shekarar 2009, wato sama da mutum 2,400 a kowace hekta ɗaya. Mazauna unguwar ne da kansu suka yi ƙidayar, ba hukuma ba. Abin da wannan ƙidaya ta kare su daga gare shi, da abin da ta kasa, ya ishe mu mu auna yadda duniya ke bin sawun alƙawarin da ta yi wa talakan birni a Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa.

Mutanen Fadama na farko ba su ne na yanzu ba. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta karɓi filin, aka mayar da mazaunansa wata unguwa da ake kira New Fadama, inda gidan Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yake a yau. Wurin ya daɗe a yashe, sai ciyawa da taɓo, kafin mutane su fara komawa kaɗan-kaɗan a shekarun 1980. A 1991, da Accra za ta karɓi taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, hukumar birni ta kwashe 'yan tireda da masu talla daga manyan tituna ta kai su gefen Agbogbloshie. Kasuwar doya ita ma ta koma can, kuma doya ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da direbobi da 'yan dako da masu gadi da masu sayar da abinci, kowa na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa kusa da kayansa. Sai kuma rikicin 1994 tsakanin ƙabilun Konkomba da Nanumba da Dagomba ya ɓarke a arewacin ƙasar, jama'a suka yi ta kwarara kudu. Ya kamata a riƙe wannan: hannun hukuma na cikin kafuwar unguwar tun daga tushe, ba wai mutane sun wayi gari kawai sun mamaye fili ba.

Ƙasar da suka samu ba ta ɗaukar gini. Sai suka riƙa kwaso garin katako daga kasuwar katako da ke kusa suna cike taɓon da shi, buhu bayan buhu, har ya yi tudun da za a kafa ɗakin katako a rufa da kwano. Shi ya sa a wasu lungunan ƙasar ke lotsawa a ƙarƙashin ƙafa kamar an taka katifa, shi ya sa kuma gobara idan ta tashi ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya, don bango katako ne, daɓe garin katako ne, lungu kuma bai isa motar kashe gobara ta shiga ba. Galibin ɗakunan ba su da ban-ɗaki. Wanka da kuɗi ne, bahaya da kuɗi, ruwa ana sayensa bokiti-bokiti. 'Yan matan da ke dakon kaya a ka cikin kasuwanni, waɗanda ake kira kayayei (rabin kalmar "kaya" ce ta Hausa, rabin kuma kalma ce ta yaren Ga na 'yan asalin Accra, mai nufin mata), sukan haɗu da yawa a ɗaki guda, kowace ta biya nata kason, a shimfiɗa tabarma a jere, kwanon dako a jingine a bakin ƙofa saboda fitar asuba. Mutanen gari suka laƙaba wa unguwar "Sodom and Gomorrah", sunan garuruwan mutanen Annabi Luɗu da aka halaka. Sunan ya yi ɓarna ƙwarai, domin wurin da aka saba kira da sunan halakakken gari ba a jin nauyin rushe shi.

A watan Mayun 2002 hukumar birnin Accra, AMA, ta ba su takardar tashi. Hujjarta ita ce aikin farfaɗo da tafkin Korle, wanda aka ciyo bashi dominsa daga Asusun Kuwait da bankin BADEA na ƙasashen Larabawa da Asusun OPEC. Wata ƙungiyar lauyoyi mai kare talakawa, CEPIL, ta kai ƙara a madadin mazauna, amma a watan Yuli Babbar Kotun Accra ta yanke cewa zaman nasu ba ya bisa ƙa'ida, kuma babu wajibcin sake musu matsuguni ko biyan su diyya. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare ke nan.

Ba zan ce hukuma ba ta da abin faɗa ba. Tafkin Korle ya lalace matuƙa, kuma ta nan ne ruwan saman babban ɓangare na Accra ke bi ya faɗa teku, idan bakin ya toshe gari ya sha ambaliya. Ga kuma mutanen Ga, 'yan asalin Accra, waɗanda tafkin wuri ne mai tsarki a al'adarsu, kuma suna ganin filin kakanninsu ne gwamnati ta karɓe sannan ta bar baƙi suka cika. Wannan ƙorafi ne na gaske. Sai dai ƙazantar da ke shiga tafkin ba daga Old Fadama kaɗai take fitowa ba. Odaw na ɗauko shara da ruwan kwata tun daga can sama, ta unguwanni da masana'antu masu yawa, kuma binciken da ƙungiyar COHRE mai fafutukar haƙƙin matsuguni ta fitar a 2004 ya nuna cewa kason unguwar a gurɓatar ƙalilan ne, kuma ana iya gyara ta a inda take ba tare da an kashe aikin tafkin ba.

Da ƙofar kotu ta rufe, sai mazauna suka nemi wata. A 2003 wakilan SDI, gamayyar ƙungiyoyin mazauna irin waɗannan unguwanni wadda ta yi ƙarfi a Indiya da Afirka ta Kudu, suka ziyarci Old Fadama. Aka kafa ƙungiyar tallafi mai suna People's Dialogue, aka fara kafa ƙungiyoyin adashi, abin da a Ghana ake kira susu. Mata ne kan gaba. Mai karɓar zubi tana bi ɗaki-ɗaki kullum, kuma ba kuɗi kaɗai take tarawa ba, tana tara labari: wa ya yi rashin lafiya, ɗakin wa ya ƙone, wace ta haihu, su wa suka iso jiya daga Yendi a arewacin ƙasar. Daga waɗannan ƙungiyoyi ne tarayyar talakawan birni ta Ghana, GHAFUP, ta fito, kuma daga adashin aka wuce zuwa ƙidaya.

Yadda ake yin ta abin kallo ne. Ana raba unguwa shiyya-shiyya, a bi kowane ɗaki a rubuta masa lamba a jikin ƙofa, sannan matasan unguwar da aka horar su zauna da mai ɗaki da takardar tambayoyi: ku nawa ne ke kwana a nan, daga ina kuka zo, yaushe, me kuke yi, ɗakin naku ne ko haya, ina kuke ɗebo ruwa, nawa kuke kashewa a bahaya. Baƙon jami'i da ya zo da rana zai tarar da ƙofofi a rufe, masu su suna kasuwa, wanda ya samu kuwa ba zai gaya masa gaskiya ba, don a zatonsa duk mai ɗauke da takarda ɗan leƙen asirin masu rusau ne. Ɗan unguwa kuwa ya san ya dawo bayan isha'i, ya yi tambaya da Dagbanli ko Hausa ko Twi, ya kuma san idan an ɓoye masa mutum uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙidayar 2004 ta samo mutum 24,165. Wadda aka yi a 2006 zuwa 2007 ta kai kimanin 35,000. A 2009, bayan wani faɗa da aka yi asarar rayuka a kasuwar Agbogbloshie, sabon magajin garin Accra, Alfred Oko Vanderpuije, ya sanar cewa za a tashi unguwar baki ɗaya ba tare da diyya ba. Sai mazauna suka roƙi a ba su lokaci su sake ƙirga kansu, a nan ne adadin 79,684 ya fito, ya zarce duk abin da jami'ai ke hasashe. Takardun sun kuma nuna cewa mafi yawan mutanen 'yan arewacin Ghana ne, kuma kusan duk baligin da ke ciki yana da sana'a: dako, sayar da abinci, tireda, tuƙi, jari-bola, cinikin doya da albasa. Zancen da ake yaɗawa cewa matattarar ɓarayi da zauna-gari-banza ce ya rasa madafa. Hukuma ta ga cewa korar mutum kusan dubu tamanin a rana ɗaya, waɗanda su ne ke sauke abincin da birnin ke ci, kuma masu ƙuri'a ne, ba ƙaramin al'amari ba ne. Aka janye batun rusau na gaba ɗaya, aka koma teburin magana da shugabannin unguwa.

Wannan nasara ce, kuma ban raina ta ba. Amma a lura da iyakarta. Ƙidaya ta hana a kore su duka, ba ta ba su izinin zama ba. Tunda a idon doka unguwar ba ta wanzu, hukuma ba ta ɗauki nauyin shimfiɗa mata magudanan ruwa da tituna yadda ya kamata ba, don yin hakan tamkar amincewa da zamansu ne. Mai ɗaki shi ma yakan yi jinkirin zuba siminti a abin da katafila za ta iya takewa gobe. Kuɗin da za a gina ingantaccen ɗaki da shi sai a aika gida arewacin Ghana, a ci gaba da kwana a katako.

Ranar 3 ga Yunin 2015 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Accra. Mutane suka fake a wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya malala a kan ruwa, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu a ambaliyar da gobarar. Gari ya ɗauki zafi, ana neman wanda za a ɗora wa laifin toshewar Odaw. Ranar 20 ga watan katafiloli suka shiga Old Fadama da rakiyar sojoji da 'yan sanda, cikin damina, cikin azumin Ramadan, suka rushe ɗakunan da ke gefen ruwa, dubban mutane suka kwana a fili kan tarkacen kwano da katako. Mazauna sun koka cewa rusau ɗin ya wuce iyakar da aka yi magana a kai da shugabanninsu. Da suka fita zanga-zanga aka tarwatsa su da barkonon tsohuwa. A watan Afrilun 2020 aka sake wani rusau ɗin a daidai lokacin da aka kulle Accra saboda korona, ana ce wa kowa ya zauna a gida, sama da mutum dubu suka rasa gidan zaman. A Yulin 2021 kuma aka share filin 'yan jari-bola na Agbogbloshie, aka mayar da 'yan albasa, waɗanda yawancin kayansu daga Nijar ake kawowa, zuwa Adjen Kotoku a can wajen gari. A wannan karon an ɗauke wa dubbai wurin neman abinci, alhali kusanci da kasuwa ne ya zaunar da su a taɓon tun farko.

Wata uku bayan rusau ɗin 2015, a watan Satumba, shugabannin duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Muradi na 11 na birane ne, kuma burinsa na farko shi ne kafin 2030 kowa ya samu matsuguni mai kyau, mai aminci, mai sauƙin kuɗi, a kuma inganta unguwannin marasa galihu. Kalmar da aka zaɓa ita ce ingantawa, ba sharewa ba. Ghana ba 'yar kallo ba ce a wannan tafiya. A 2017 shugaban ƙasar na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya zama ɗaya daga cikin jagorori biyu na tawagar masu tallata muradun, ƙasar ta gabatar da rahoton ci gabanta a 2019 da 2022, birnin Accra ma ya fitar da nasa a 2020.

Ma'aunin da ake bin wannan buri da shi, mai lamba 11.1.1, yana auna kaso nawa ne na mazauna birni ke zaune a irin waɗannan unguwanni ko a gidajen da ba su dace ba. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsuguni ce ke riƙe da shi, kuma tana duba abubuwa biyar a kowane gida: ruwa mai tsabta, ban-ɗaki mai kyau, isasshen wurin kwana yadda ba za a wuce mutum uku a ɗaki ba, gini mai ƙarko, da kuma tabbacin cewa ba za a kore ka ba. Gidan da ya rasa ko ɗaya ya shiga lissafi. Huɗun farko ana samun su daga ƙidayar ƙasa da binciken gida-gida na lafiya da rayuwar iyali, don mai tambaya na iya ganin famfo da rufi da idonsa. Na biyar kuwa, tabbacin zama, shi ne aka saba barinsa a waje wajen haɗa alƙaluman duniya, saboda ƙasashe da yawa ba sa tattara shi ta hanyar da za a iya kwatantawa. Akwai wani ma'aunin daban, 1.4.2, da ke tambayar ko mutum na da takardar fili kuma yana jin haƙƙinsa a tsare yake, amma shi na ƙasa baki ɗaya ne, birni da ƙauye, ba ya nuna halin wata unguwa.

A nan ne lamarin Old Fadama ya fi ci mini rai. Abin da aka fi kasa aunawa shi ne ainihin abin da ya ɗaure sauran huɗun a wannan unguwa. Rashin ban-ɗaki da ginin katako da cunkoso duk rassa ne, tushen shi ne rashin tabbacin zama. Kuma ma'aunin ba ya bambanta hanyoyin da adadi ke sauka. Idan aka ja wa gida dubu famfo aka gina musu bahaya, kason zai ragu. Idan aka rushe gida dubu, mutanensu wasu suka koma Tamale a arewacin ƙasar, wasu suka koma kwana a barandar shaguna inda binciken gida-gida ba ya isa, kason na iya raguwa shi ma. Idan kuma suka cusa kansu a ɗakunan 'yan uwa a wata unguwar, adadin zai tsaya yadda yake, kamar ba abin da ya faru. Babu layi a jadawalin 11.1.1 da za a rubuta yawan waɗanda katafila ta raba da ɗakunansu a shekara.

Akwai kuma matsalar kaso da adadi, wadda aka gani tun zamanin Muradun Ƙarni, waɗanda suka gabaci na yanzu. A lokacin an yi alƙawarin kyautata rayuwar aƙalla mutum miliyan 100 na waɗannan unguwanni kafin 2020, kuma an cimma hakan tun da wuri. Kason mazaunansu a biranen ƙasashe masu tasowa ya sauka daga kimanin kashi 39 cikin ɗari a 2000 zuwa kimanin kashi 30 a 2014. Amma yawan mutanen ya tashi daga miliyan 792 zuwa sama da miliyan 880, domin birane na cika fiye da yadda ake gyara su. Zuwa 2022 adadin ya haura biliyan 1.1, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na mazauna biranen duniya. Tsallen da Old Fadama ta yi daga dubu ashirin da huɗu zuwa kusan dubu tamanin cikin shekara biyar, ko da wani ɓangarensa ingancin ƙirga ne, hoton wannan al'amari ne a wuri ɗaya. Binciken ƙasa da ke ɗaukar samfurin gidaje daga jerin ƙidayar da ta kwana biyu ba zai kama irin wannan saurin ba, kuma ba a tsara shi don ya faɗi halin unguwa guda ba. Matsakaicin alƙaluman Accra, inda aka haɗa unguwar masu hali ta East Legon da Old Fadama aka raba biyu, ba ya kama da rayuwar kowa a cikinsu. Shi ya sa SDI ta faɗaɗa irin wannan ƙirga a ƙarƙashin shirin Know Your City, tana neman hukumomin birane su karɓi bayanan da mazauna suka tara a matsayin hujjar tsara aiki. A 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta fitar da rahoto na musamman daga ƙidayar 2021, wanda ya nuna kimanin mutum miliyan 4.8 na zaune a irin waɗannan unguwanni. Mataki ne mai kyau, don aƙalla yanzu hukuma ce ke faɗa da bakinta.

Kuma ba a rasa misalin abin da ke yiwuwa ba, a cikin yankin Accra ɗin ma. A Ashaiman, a unguwar Amui Dzor, 'yan wannan tarayya ta GHAFUP sun kafa ƙungiyar gama-kai, suka daidaita da masu sarautar gargajiya kan fili, suka samu lamuni da tallafin wani shirin UN-Habitat, aka gina bene mai ɗaukar iyali 31, da shaguna a ƙasa da ban-ɗakin haya wanda kuɗinsa ke taimakawa wajen biyan bashin. Ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da bukata, amma mutanen iri ɗaya ne, adashin iri ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne an warware maganar fili kafin a aza tubali. Haka ma shirin GARID da Bankin Duniya ya amince da shi a 2019 kan dala miliyan 200 don magance ambaliya a kwarin Odaw: yana da ɓangaren inganta unguwanni tare da mazaunansu, kuma waɗanda aka zaɓa su ne Nima, tsohon zangon da Hausa ke tashi a kowane lungu, da Alogboshie da Akweteyman. Waɗannan duk unguwanni ne da ba a jayayya kan wanzuwarsu. Old Fadama, wadda ke bakin ruwan da ake son yashewa, rabonta daga aikin kogin ya fi zuwa ta hanyar share gefen ruwa.

A ganina abin da ya rage ba ƙarin ƙidaya ba ne, an ƙirga su sau uku da hannunsu. Abin da ya rage zama ne na mutum uku, gwamnatin da ke riƙe da takardar filin, sarakunan Ga da ke da'awarsa, da shugabannin mazauna, a ja layi a fili a ce daga nan zuwa ruwa ba gini, kuma duk wanda layin ya ci za a nuna masa inda zai koma kusa da sana'arsa kafin a taɓa kwanonsa, daga nan zuwa ciki kuma an ba da izinin zama na shekaru sanannu, ko da haya ce ta gama-gari da za a riƙa biyan masu ƙasa. Mazauna sun sha nuna za su iya ja da baya daga bakin ruwa su kuma buɗe lunguna da kansu idan an yi magana da su. Hukuncin kotun 2002 yana nan bai tashi ba, kuma yaran da aka haifa a ɗakunan katakon a shekarar da aka yanke shi yanzu su ne ke biyan haya a cikinsu, wasu da nasu 'ya'yan.